Ganyen Gindin Gawo

Mutanen Unguwar Dabo har gobe ba su gama yarda cewa ƙanena Zakiyyu yana da aikin yi ba. Sun san ya yi karatu har ya gaji, sun san yana Kano da matarsa da 'ya'yansa. Amma likita ne? A'a. Malamin gona ne mai raba taki? A'a. To me yake yi? In na ce yana binciken gero, sai a dube ni a yi shiru, irin shirun da ake yi wa wanda ɗan'uwansa ya lalace ba a son gaya masa. Ni kuwa na daina wahalar da bakina. Sunana Shatu, ni ce babba a ɗakinmu, ina koyarwa a wata firamare a Sandamu, kuma ni na goyi yaron nan bayan rasuwar Inna. Abin da zan faɗa a kansa sani na yi, ba ji ba.

Tun yana ƙarami yana da wani irin taurin kai wanda ba ka samun dalilin dukansa a kai. Wata rana akuyarmu ta shiga waken maƙwabta, aka kamo shi a matsayin shaida, don yana wurin. Aka ce, akuyarku ce ta ci waken nan ko ba ita ba ce? Ya ce ya dai gan ta a cikin gonar, amma bai ga tana ci ba. Ga ganye a bakinta, jama'a. Na ce to ya tsaya nan har ta rubuto masa takarda. Haka ya tashi, haka ya yi sakandare a Daura yana kwana gidan kawunmu a wajen Kusugu, haka ya wuce jami'a ya karanta ilimin tsirrai, daga nan ya zarce cikin lissafin da ake yi wa halittarsu. Ba ya hayaniya, ba ya rantsuwa, kuma in ka ji ya ce "tabbas" to ka duba sama, ko hadari ya haɗu.

Ba za a gane Zakiyyu ba sai an san Babanmu. Gari ya san shi da Ɗantsoho, sunan da ban taɓa furtawa ba sai yau da rubutu ya tilasta ni. Baba yana da wani irin gero da ya gada wurin mahaifinsa, mai doguwar zangarniya, ta fi tsawon hannun babban mutum, amma ga jinkirin nuna. Lokacin da damina ta fara gajarta, aka kawo sabon iri mai saurin nuna, wanda mutanenmu suka sa wa suna ɗan hanzari. Gari duk ya koma kansa. Baba ya ƙi, shi da wasu tsofaffi 'yan ƙalilan a ƙauyukan da ke tsakaninmu da hanyar Mai'adua. Hujjarsa ɗaya ce: ya ce in ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, geronsa yakan naɗe ganye ya jira, ba ya mutuwa. Mutane suka mayar da abin wasa. Ana ɗaure dammunan ɗan hanzari, nasa yana tsaye kore shar, masu wucewa su ce, "Ɗantsoho, a gaida mai jiran baɗi." Yakan yi murmushi ya amsa. Mu da ke cikin gida mun san abin yana cinsa, don yakan shigo ya ture kwanon tuwo ya ce ya ƙoshi. Ya sha gaya mana cewa abu ɗaya yake so kafin ya mutu, wani mai ilimi ya duba geron nan ya gaya masa ko gaskiya ya gani, ko kuwa shekara da shekaru yana ta da hankalin kansa a banza.

To ga mai ilimi Allah ya ba shi a cikin gida.

Na taɓa matsa wa Zakiyyu ya yi min bayanin aikinsa da Hausar da ake sayen gishiri da ita. Ina tsince wake a tsakar gida, ya buɗe kwamfutarsa ya nuna min wani zane kamar saƙar gizo-gizo, ɗigo-ɗigo da zare tsakaninsu. Ya ce a cikin kowane ganye akwai ƙwayoyin gado dubbai, su ne ke sa gero ya zama gero. Ba duka ke aiki lokaci ɗaya ba, wasu a farke, wasu suna barci, kuma akwai waɗanda aikinsu shi ne su tashi wasu ko su kwantar da su. Abin da yake nema shi ne wa ke ba wa umarni. Amma ba a ganin umarnin da ido. Abin da ake iya aunawa shi ne yawan motsin kowace ƙwaya a cikin ganye, sai a tara ganye daga gonaki masu yawa, kwamfuta ta lissafa waɗanda suke tashi tare suna sauka tare, ta ja zare tsakaninsu. Wadda zare ya yi wa yawa, ita ake zargi da shugabanci.

Na ce, "Zargi kuma? Duk karatun nan?"

Ya ce, "Yaya, ki ɗauka kina kan soro kina kallon unguwa, ba kya jin magana. Kullum in Audi ya fito daga gida sai Maliki ya fito. Za ki ce Audi ne ke kiransa."

"Ƙwarai."

"Ko Maliki ne ke kiran Audi. Ko kuma ba wanda ke kiran wani, dukansu ladan suka ji."

Na ce to aikin nasa na tsegumi ne, ya yi dariya. Ya ce shi ya sa bayan lissafi dole a gwada, a ga ko da gaske ne.

Shekarar da ya samu damar duba geron Baba, ruwa ya ɗauke bayan an gama maimai, yabanya ta fara laushi. Abin da yake jira ke nan. Yana bukatar ganye daga gonaki da yawa, na masu tsohon iri da na masu ɗan hanzari, duk a 'yan kwanakin nan kafin ruwa ya dawo, kuma mutum ɗaya ba zai iya zagaye su ba. Sai ya zo da 'yan kwalabe masu wani ruwa da ke hana ganye lalacewa, ya rarraba wa manoma. Ina wurin ya yi bayani a ƙofar gidanmu, kuma wallahi ya yi ƙoƙari. Ya ce a cira da safe kafin hantsi. Ya ce ganye na biyu daga sama. Ya ce a wanke hannu, a yanka ƙanana, a rufe kwalba da kyau, a kawo cikin kula kafin azahar. Ya nuna, ya sake nunawa, har tsofaffi suka fara hamma. Abu ɗaya ne bai faɗa ba, don bai zo masa a rai ba: daga wane gefen gona za a cira.

Bayan kaka ya bugo wa Baba waya. Ina zaune, Baba ya sa a amsa-kuwwa don kunnensa ya fara nauyi. Zakiyyu ya ce akwai wani gungun ƙwayoyi da ke tashi tare a ganyen tsohon iri, suna kwance a na ɗan hanzari, kuma akwai ɗaya a tsakiyarsu da zare ya yi wa yawa. Ya ce, "Baba, da alama akwai wani abu. Da alama dai. Sai na gwada tukuna." Na ji da kunnena, sau biyu ya faɗi "da alama".

Tsakanin zaurenmu da ƙofar masallaci ba nisa, amma kafin a idar da la'asar "da alama" ta faɗi a hanya. Ba na ce Baba ya yi ƙarya ba. Mutumin da ya daɗe yana jiran magana, in ta zo, ba ya jin wutsiyarta. Kafin a ci kasuwa labari ya zagaye: na'ura a Kano ta tabbatar geron Ɗantsoho ba ya jin fari. Mutane suka fara sallama a ƙofarmu, har da masu gaida mai jiran baɗi, yanzu sun iya durƙusawa. Baba ya buɗe rumbu ya yi ta auna iri da tiya yana bayarwa kyauta, har na yi masa magana cewa a bar mana na tuwo. Ya ce in bar shi. Ya riƙa sa rigarsa ta Juma'a ranar Talata. Na ji dariyarsa daga zaure, irin wadda rabon da in ji ta tun Inna na da rai, na shiga ɗaki na yi kuka don daɗi. Gidaje da dama suka daka ɗan hanzarin da suka ajiye don shuka, suka ce baɗi geron Ɗantsoho za su zuba gona duka.

Shi kuwa Zakiyyu yana can yana gwaji. Ya shuka iri biyun a bokitan roba, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, sannan ya hana su ruwa tare, ya cire ganye ya auna. Saƙar nan ta watse. Ƙwayoyin da suka tashi tare a tsohon iri ba su nuna wani bambanci da na ɗan hanzari ba. Ya sake, haka. Da bazara ya zo gida, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai ce komai ba sai da muka bi Baba gona ana kai taki. Muna tafiya a hankali, don ƙafafun Baba sun fara kumburi, sai ya ce, "Baba, ganyen da ka ba ni bara, daga ina ka cira?"

Baba ya ɗaga sandarsa ya nuna gawon da ke tsakiyar gonar. Duk manomi ya san gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina, ya yi inuwa da rani. Shanu suna wuni a gindinsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi, shi ya sa shukar wurin ta fi ta ko'ina ƙoshi, kuma ita ce ta ƙarshen jin ƙishi.

"Duka daga nan?"

"Daga ina kuma? Za ka kai ganye birni manyan mutane su gani, in ba ka mai rawaya, mai hujin tsutsa? Na zaɓo maka mafi kyau. Sai da na zagaya sosai."

Ya faɗi haka ne yana jin daɗin kansa. Zakiyyu ya tsaya yana kallon itacen, ya ce, "To, Baba." Washegari ya hau babur ya bi sauran tsofaffin. Malam Ya'u ya cira daga inda Fulani suka yi makwancin shanu. Badaru ya cira daga gefen shuri. Kowannensu ya zaɓo na kirki, don a wurin dattijo abin kunya ne ka miƙa wa ɗan abokinka abu mara kyau. Masu ɗan hanzari kuwa yawanci samari ne masu sauri zuwa Mai'adua da lodi, sun tsaya bakin hanya sun fizgo na gefen gona, wani ko mashin bai kashe ba. Wato abin da kwamfuta ta gani ba bambancin iri ba ne. Bambancin shuka mai ƙoshi ne da mai yunwa, kuma bambancin tarbiyyar tsoho ne da ta yaro.

Da ya gaya min, a bayan rumbu, na ce ya rufa min asiri ya yi shiru. Na ce tsohon nan kwana nawa ya rage masa? Ka bar shi da rigarsa ta Juma'a. Ya ce, "Yaya, in suka zuba geron Baba gona duka, ruwa ya yanke da wuri, me za su ci? Ba ya nuna da wuri, wannan kam kowa ya sani." Na zage shi. Na ce karatu ya cire masa tausayi, na ce da na san haka zai zama da na sauke shi daga bayana tun yana tsumma. Ya sunkuyar da kai har na gama. Na san yana da gaskiya, abin da ya ƙara min haushi ke nan.

Ya gaya wa Baba da hantsi a zaure, ni ina bakin ƙofa. Baba ya saurara har ƙarshe, yana murza gemu.

"Na ɓata maka aiki ke nan."

"A'a, Baba. Ni ne ban faɗi inda za a cira ba. Laifina ne."

"To geron fa? Banza ne?"

"Ban ce banza ba ne. Abin da na gani dai ba shi ba ne. Wataƙila sirrin yana saiwa, kuma saiwa ba ta samun zurfi a bokiti. Sai an sake daga farko, a gona."

Zakiyyu ya ce zai tsaya bayan sallar Juma'a ya yi wa mutane bayani. Baba ya ce a'a, da bakinsa maganar ta fita, da bakinsa za ta koma. Ya ɗauki sandarsa ya fita. Gida gida ya bi, da kumburarrun ƙafafun nan, yana sallama, yana cewa a nemi ɗan hanzari a shuka, nasa a zuba a gefe ko a daka a sha fura, maganar da ya faɗa ba ta tabbata ba. Wanda ba shi da iri, Baba ya je ya roƙo masa wurin mai shi. Ban san kwana nawa ya ɗauka ba, na dai san kullum yakan dawo in dafa ruwa in gasa masa ƙafa. Rigar Juma'a ta koma cikin adaka.

Ruwa ya yanke da wuri a shekarar. Waɗanda suka ji maganarsa sun ɗaure dammuna. Ba wanda ya zo ya ce an gode, ko mutum ɗaya, kuma wannan ba zan yafe wa Unguwar Dabo ba. Abin da ya dawo shi ne tsokana, har ta fi ta da, don yanzu an ƙara da na'urar Kano. Gonar Baba, da ya shuka nasa kamar kullum, gindin gawo ne kawai ya yi ido, sauran ƙaiƙayi.

Damina ta gaba Zakiyyu ya ɗauki hutu ya zo da kansa. Ya daina ba kowa kwalba. Yakan ja igiya ya raba gona gida-gida, ya jefa ƙuri'a, inda ta faɗa nan zai cira, ko shukar ta kusa mutuwa, kuma yakan tono har saiwa. Malam Ya'u ya tsaya yana kallonsa yana tsinkar wani ganye da fara ta ci rabi, ya ce, "Yaro, haka za ka kai sunan gonata?" Zakiyyu ya ba shi haƙuri ya sa a kwalba. Har yau haka yake yi kowace damina, tsofaffi suna ganin rashin kunya ne. Ya ce sakamakon shekara ɗaya ba ya isa, sai an haɗa damina mai ruwa da mara ruwa, a ga abin da ya tsaya bai motsa ba.

Baba bai da lokacin wannan. Da rani ciwon ya hau daga ƙafa zuwa ƙirji, aka kai shi asibiti a Daura, aka dawo da shi gida. Na kira Zakiyyu na ce ya taho. Ranar da ya iso, bayan azahar, muna ɗakin Baba mu biyu, ni ina masa fifita, shi yana zaune wajen ƙafafunsa. Baba ya buɗe ido ya gane shi. Bai tambayi hanya ba, bai tambayi yara ba.

"Kai yaro. Geron nan nawa. Akwai wani abu a cikinsa, ko babu?"

Na miƙa hannu ta ƙarƙashin mayafi na mintsini Zakiyyu a cinya da duk ƙarfina. Na kafe shi da ido. Kalma ɗaya nake nema, "akwai", shi ke nan, ba mai ji sai mu uku da Allah.

Ya ce, "Ban sani ba tukuna, Baba."

Baba ya ce, "Amma kana dubawa."

"Ina dubawa."

"To."

Ya rufe ido. Daga baya ya nemi ruwa, na ba shi a cokali. Bai sake tayar da maganar ba, kuma bai kai Juma'a ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Duk zaman makoki ban yi wa Zakiyyu magana ba. Na aika masa abinci, na amsa gaisuwarsa da kai, amma zuciyata ta ƙi. Sai ranar da zai koma, ya shigo tsakar gida ya yi min sallama, na kasa riƙewa. Na ce, "Kalma ɗaya, Zakiyyu. Mutum yana kan gargara. Me za ta rage maka?"

Ya ajiye jakarsa ya zauna a kan turmi. Rabon da in ga hawayensa tun yana ɗan firamare.

Ya ce, "Ya riga ya zagaye gari sau ɗaya yana janye maganata, Yaya. Wannan karon ba shi da ƙafar da zai zagaya."